Kalma Ɗaya a Kabarin Orval

"Lafiya lau, Kaka. Ke fa, ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri yana nan inda ka bar shi ranar jana'iza, da ka cinye min burodin ayaba ka gudu filin jirgi. Matso in gan ka. Doreen, dubi abin da Chicago ta yi min. Na aika musu da mutum, sun dawo min da sandar share yana."

"Ke ce kike ƙara gajarta. Bara kina kai min kafaɗa, bana sai na duba ƙasa da kyau kada in taka ki."

"Bara? Yaushe ka zo bara?"

Garrett ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa, ya sunkuya ya sumbaci goshinta.

Ni ce Doreen ɗin. Gidana yana jikin na Verna Stenberg a unguwarmu ta 'yan fansho, nan bakin tekun Florida, kuma ni ke rubuta maki a allo idan ana gasar wasa a filayen unguwar. Ran nan da safe ina barandarta ina shan kofi, don na yi alkawarin kai su wurin mai sassaƙa duwatsun kabari. Mako shida ke nan da rasuwar mijinta Orval, kabarin kuma har yanzu ba suna a kansa. Garrett ne kaɗai jikansu. Uwarsa ta rasu yana da shekara tara, su biyun suka riƙe shi a Toledo har ya shiga jami'a, sannan suka gangaro kudu gudun sanyi. Yanzu yana koyar da Turanci a wata sakandare. Tun da na san su ban taɓa jin shi da kakarsa sun yi magana uku a jere babu tsokana ba, ko a bakin kabari.

"Zauna ka ci wani abu," in ji Verna. "Ba zan shiga gari da kai haka ba, a ce yunwa muke kashe mutane da ita a zuriyarmu."

"Na ci a jirgi. Kuma ina so in kai gobe da raina. Me kika shirya za a rubuta?"

"Sunansa. Shekarar da ya zo, shekarar da ya tafi. A ƙasa kuma: ɗan wasan shuffleboard."

Ya yi murmushi, yana jiran sauran. Da ya ga ta ci gaba da shafa man shanu a burodi, sai murmushin ya ɗauke.

"Sai kuma me?"

"Sai ciyawa."

"Kaka, da wasa kike."

"Na yi maka kama da mai wasa da kabarin mijinta?"

"Mutumin nan shekara talatin da takwas ya yi a gaban wutar masana'antar gilashi. Hannunsa duk tabo. Ya binne 'yarsa, ya rene ni. Duk wannan a bar shi, a rubuta wasan tura faifai da sanda da tsofaffi ke yi kafin a kira su cin abincin rana?"

"Tsofaffin suna gaishe ka."

"Ba raini ba ne. Ke kin san yadda ake amfani da kalmar nan a waje. Ba wanda ke faɗinta sai yana dariya. Ɗan ƙwallo ya tsufa, 'yan jarida su ce ya je ya nemi sandar shuffleboard. Shugaban makarantarmu ya yi ritaya, kowa ya rubuta masa a kati: a sha shuffleboard lafiya. Ma'anarta ka gama yayi, ka matsa gefe. Duk wanda ya wuce ta maƙabarta ya karanta, dariya zai yi."

"To sai me? Maƙabartar nan tana bukatar dariya. Ka ga maƙwabtansa? Dama da hagu, kowa miji nagari, kowa uba abin ƙauna. Ni na san rabinsu. Da ƙarya tana fasa dutse, da wurin ya koma tsakuwa."

"Raba kalmar biyu ki ji. Shuffle, jan ƙafa. Board, katako. Jan ƙafa a kan katako. Abin da za ki ɗora wa mijinki a ka ke nan har abada."

"Doreen, kin ji malamin Turanci. Shekara huɗu muna cin wake a gwangwani don ya yi jami'a, ga abin da ya kwaso. Orval da ya tsaya a aji tara ya fi ka sani. Ya ce ba daga jan ƙafa ta fito ba. Faɗi gaskiya, in kana tsoron Allah. Daga ina ta fito?"

Garrett ya sosa ƙeya.

"Ina jinka, Dogo."

"Daga turi," ya ce a hankali. "Shekaru ɗaruruwa da suka wuce, a Ingila, tsabar kuɗi suke turawa a kan dogon tebur, suna kiransa shove-board, katakon turi. Bakin mutane ne ya yi ta tauna kalmar har ta koma yadda take."

"To ka ji."

"Amma ba a karanta dutse da ƙamus a hannu, Kaka. Kalma abin da mutane ke nufi da ita yau ne, ba abin da take nufi lokacin da kike budurwa a Ingila ba."

"Lokacin da nake budurwa, da ka gan ni da tuntuɓe ka yi. Kuma tunda yau kake so, mu yi maganar yau. Ɗan Doreen ya nuna mana hoto a waya. Samari irinka, masu gemu kamar na bunsuru, suna buga na tebur a mashayar Chicago, giya a hannu. Su ba sa jin kunyar sunan?"

"Wancan daban."

"Sunan ɗaya. Bambancin kawai mu mun iya."

Na duba agogo na ce musu Mista Delgado, mai sassaƙa duwatsun, yana rufe shago da sha biyu ranar Asabar. Verna ta ɗauki jakar hannunta da hular rana. Motata tana can bayan ɗakin taro, don haka dole mu bi ta gefen filayen shuffleboard ɗin.

Filaye takwas ne a jere, koraye, ƙarƙashin rumfa. An riga an share su an goge, mutane kusan ashirin suna kai, sai ƙarar faifai yana bugun faifai. Da suka hango Verna, wasan ya tsaya. Mazan suka cire huluna. Ba wanda ya ce komai, don an riga an faɗi abin faɗa mako shida da suka wuce. Ita ma ta ɗaga musu hannu kawai. Amma da muka zo fili na huɗu sai ta tsaya, ta zauna a bencin da ke ƙarshensa. Ba kowa a kan filin. A kansa Orval yake wasa, kuma tun ranar da ya rasu ba wanda ya yarda ya hau shi, ko da an yi layi a sauran.

"Ƙafa ta gaji, tsohuwa? In goya ki?"

"Ka goya ni mu faɗi mu biyu, a kira motar asibiti biyu. Zauna. Ka san mene ne wancan?"

Ta nuna gindin zanen maki mai kusurwa uku da ke ƙarshen filin, inda faifai idan ya tsaya ake cire wa mai shi maki goma.

"Kicin," in ji Garrett. "Ba jahili ba ne ni."

"Shekara arba'in da biyar kakanka bai taɓa shiga kicin ɗin gidana ba, ko ruwa sai an miƙo masa. A nan kuwa, rana ɗaya sau bakwai na jefa shi kicin. Tambayi Doreen, ita ta rubuta."

"Sau biyar," na ce.

"Bakwai. Allinki ne ya ƙare."

"Kowa ya san maguɗi kike yi," in ji Garrett. "Shi da kansa ya gaya min kina shafa wa faifanki man kitso."

"Hassada ce. Ni da na ci magajin gari uku a filin nan, ɗaya har ya yi kuka. Ranar guguwar da ta kwashe rufin ɗakin taro, ina tsaye nan na tura faifai, iska ta ɗauke shi ta zagaya da shi Cuba ta dawo ta ajiye min a tsinin zanen, na ci maki goma."

"Kuma Doreen ta rubuta."

"Doreen tana ƙarƙashin gado."

Ya yi 'yar dariya. Ita ba ta yi ba. Ta zare hular ta ɗora a cinya, tana kallon filin.

"Kana shekarar ƙarshe a jami'a lokacin da ɓarin jikin kakanka ya shanye," ta ce. "Mun ce maka abin da sauƙi. Ƙarya muka yi, don kada ka bar jarrabawa. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi. Wata biyar yana zaune a kujera ya juya wa taga baya. In na kawo abinci ya ce in kai wa masu rai. Wata rana na samu ya tara ƙwayoyin maganinsa a cikin safa, ba ya sha. Ban tambaye shi na mene ne ba. Na zubar a bayi na ja ruwa."

Garrett ya juyo ya dube ta. Ni na san labarin safar, amma na ga shi yau ya fara ji.

"Lallashi bai yi ba, addu'ar fasto ba ta yi ba. Sai na koma zagi. Na ce masa ai gara da ya shanye, ya samu dalilin ɓoya, don dama tsoro yake ji mace ta cinye shi a gaban jama'a. Kullum da safe sai na faɗa masa. Kwana goma sha ɗaya. Rana ta goma sha biyu ya ce in miƙo masa takalmi."

"Ke kam shaiɗaniya ce."

"Daga gida zuwa nan minti uku ne. Mun yi minti arba'in. Kana maganar jan ƙafa? Ni na ji jan ƙafa, Malam. Tun daga kwanar can ake jin tahowarsa, takalmin dama yana karce siminti. Duk wata biyu sai mun sake masa ƙasan takalmi. Ya riƙe sandar da hannun hagu kamar mai riƙe tsintsiya. Faifansa na farko bai kai ko rabin fili ba. Sai da ya yi wata uku kafin ya buge nawa ya jefa ni kicin. Ranar ya yi dariya har ya zame daga bencin nan, maza biyu suka ɗaga shi yana ci gaba da yi."

Ta gyara bakin hular.

"Mutumin da ka ce a rubuta, na masana'anta, na aure shi ina da shekara ashirin. Mutumin kirki ne. Yakan dawo gida ya wanke hannu ya ci abinci ya kwanta. Bayan mun binne uwarka sai ya ƙara shiru a kan shiru. Na girmama shi, na yi masa girki. Amma ban san yana da wasa a cikinsa ba sai a filin nan. Shekara goma sha ɗaya na samu da wannan. Shi nake kewa. Wancan kuwa kamfani ya ba shi agogo, ya ishe shi."

Can fili na bakwai wani ya ci gaba da wasa a hankali. Garrett yana kallon takalmansa.

"Yanzu kai," in ji Verna. "Ka taso tun daga Chicago da hujjoji a jaka kamar lauya. Ba kati ba ne damuwarka, ba kuma 'yan jarida ba. Fito da shi."

"Babu komai."

"Tun kana shekara tara in za ka yi ƙarya kunnenka na hagu ke ja. Doreen, duba min kunnen."

Ban duba ba. Shi ma bai jira ba.

"Ya kira ni a watan Maris," ya ce. "Ya ce akwai gasar kaka da jika, in zo mu shiga tare. Ina tsakiyar duba takardun yara, na gaji. Na ce masa ya bari sai na kai shekarun jiran mutuwa, sai in zo mu yi shuffleboard. Da wasa na faɗa. Irin wanda nake miki."

"Na ji. Ina tsaye ina wanke kofi."

"Ya yi shiru. Sai ya tambaye ni ko har yanzu ana dusar ƙanƙara a can. Na ce e. Ya ce in riƙa sa safar hannu. Daga nan ba mu sake magana ba." Ya goge fuska da tafin hannu. "In aka rubuta kalmar nan, duk ranar da na zo kabarin ita za ta fara gaishe ni."

Na yi zaton Verna za ta ce masa ba komai. Ba ta ce ba.

"Ya ji zafi," ta ce. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Ni kake wa wannan wasan, ni nake da fatar ɗaukarsa. Shi bai taɓa iyawa ba, ka sani. Kwana biyu bai fito fili ba, ya ce ƙafa ce. Rana ta uku ya sa takalmi ya je wurin Doreen."

Suka dube ni su biyun.

"Ya ce in rubuta sunanka a takardar gasa kusa da nasa," na ce. "Na ce ai ba ka ce za ka zo ba. Ya ce in rubuta dai, yaron yakan faɗi abu da sauri, sannan hankalinsa ya biyo baya a ƙafa."

Garrett ya tashi ya tafi can ƙarshen filin, ya ba mu baya. Muka bar shi. Verna ta buɗe jaka ta fito da alawar na'ana'a, ta ba ni ɗaya, ta jefa ɗaya a baki. Sai da ta kusa narkewa sannan ya dawo.

"Kin gama hutawa, tsohuwa? Za a rufe shago."

"Kai muke jira. Ka tsaya can kana ban ruwa ga ciyawar mutane."

A mota Verna ta ce ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Shagon Mista Delgado yana bakin babbar hanya, bayan mai sayar da tayoyi. Ya fito da farar ƙura a gira, ya yi wa Verna ta'aziyya, ya nuna mana dutsen da ta zaɓa, ruwan toka, an riga an goge fuskarsa. Ya ce suna da shekaru yana da su, layin ƙasa yake jira.

Verna ta dubi jikanta.

"Yadda ta ce," in ji Garrett. "Ɗan wasan shuffleboard."

"Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Kin ji sarai."

"Na ji. So nake in sake ji."

Mista Delgado ya ce a rubuta masa a takarda, don ba ya sassaƙa abin da aka faɗa da baki. Verna ta ce ai akwai. Ta buɗe wani ƙaramin aljihu a cikin jakarta, ta zaro takardar maki da aka ninke huɗu, ta miƙa masa. A bayanta aka yi rubutun, da fensir, manyan baƙaƙe masu karkata, kowanne yana neman faɗawa kan na kusa da shi. Mutumin ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa.

"Ki yi haƙuri, Madam. F ɗaya aka sa a nan. Biyu ne, ko ba haka ba?"

Garrett ya leƙa ta kafaɗarsa. "Shekara goma sha ɗaya kina buga abu, ba ki iya rubuta sunansa ba. Ko 'yan aji ɗaya..."

Sai ya tsaya. Ya karɓi takardar daga hannun mutumin.

"Ba ni na rubuta ba," in ji Verna. "Da hannun hagu ya yi. A asibiti, kwana uku kafin ya cika. Ya ce in ba wa mai dutse."

"Tun safe kina da wannan a jaka, kika bar ni ina ta surutu?"

"Da na nuna maka tun safe, da ka yarda don dole, ka koma Chicago da abinka a ciki. Ni ba dole nake nema ba." Ta juya ga Mista Delgado. "Ƙara masa f ɗin. Kada a ce jikansa malamin Turanci ne, ya bar shi ya kwanta da kuskure a ka har tashin duniya."

"A'a," in ji Garrett. Bai ɗaga ido daga takardar ba. "Za ka iya sassaƙa shi haka? Da hannunsa, yadda ya karkata?"

Mista Delgado ya ce zai iya, hoton takardar kawai zai ɗauka.

"To a bar shi yadda ya rubuta."

"Ikon Allah," in ji Verna. "Kai da ka zo cire kalmar gaba ɗaya, yanzu ko harafi ba ka so a taɓa. Mutane za su yi dariya fa."

"An ce min maƙabartar tana bukata."

"Za su ce jahilai ne."

"Sai in ce kakata ce ta duba masa."

Verna ta buɗe baki za ta rama. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata, ta dafa dutsen da hannu ɗaya tana yi, hawaye yana bin kumatunta, har Mista Delgado ya jawo mata kujera. Tun ranar jana'iza ban ji wannan muryar ba.

"Ka ci wannan," ta ce da ta samu numfashi. "Doreen, rubuta masa. Sau ɗaya a shekara talatin da uku."

Mutumin ya ɗauki hoton ya dawo mata da takardar. Ta ninke ta yadda take, ta kai hannu za ta mayar jaka, sai ta fasa. Ta kamo gaban rigar Garrett ta jawo shi ƙasa daidai tsayinta, ta cusa masa a aljihun ƙirji, ta danna da tafin hannu.

"Ungo, malamin Turanci. Ka kai wa yaran ajinku, ka ce musu ga wanda ya koya maka karatu."